Masu Ɗaukar Kwano

Kaka Lantana ta tsaya a rabin hawan Gangare,
hannu a ƙugu, ledar dankali a ƙasa.
Ta ce, "Rumasa'u, wa ya ƙara wa tudun nan tsawo?
Bara ba haka na bar shi ba."

Dawowata ke nan daga jami'a,
zanen da aka yi mana a allo bai bushe a kaina ba.
Na ce, Kaka, zauna kan dutsen nan ki sha iska.

Jikinki gari ne mai ɗakuna,
ƙanana, ido ba ya kai musu,
sun fi yashin Dilimi yawa.
Kowane ɗaki da murhunsa.
Tuwon accan da kika ci da safe
can ake ƙona shi, ba hayaƙi, ba toka.
Sai dai garwashi ba ya tafiya da ƙafarsa,
akwai mai ɗauka.
Haruffa uku ne sunanta, NAD,
Hausa ba ta raɗa mata suna ba tukuna.
Daga bitamin jiki ke ƙera ta,
wanda ke ɓoye a gyaɗa da kifi da hanta.
Ta je hannu wofi, ta dawo da kaya,
ta juye, ta koma.

Kaka ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.
"Ai ni ce wannan!
Shekara goma sha ɗaya ina ɗaukar kwano
a ramin kuza na Bukuru,
ni da Kangyang da Asabe mai wushirya.
Gammo a ka, laka har gwiwa,
mu hau da ƙasa, mu sauko da iska.
Mai biyan kuɗi bai taɓa sanin sunana ba,
amma ranar da zazzaɓi ya kwantar da mu
wurin wanki tsit yake yi."

Na ce, to, masu bincike sun lura
in shekaru suka miƙa, masu kwanon nan raguwa suke.
Wasu a janye su zuwa ɗinki,
inda zaren gado ya tsinke,
wasu kumburi ya lashe su.
Layi ya gajarce. Murhu na jira.

Ta yi shiru, tana kallon rufin kwanon gidaje.
"Asabe ta fara tafiya," in ji ta.
"Kangyang kuwa da damina biyu ke nan."

An gwada a kan ɓeraye, Kaka.
An ƙara wa tsoho, ya yi ta gudu kamar saurayi.
"Ɓera!" ta ce. "Shi da ko ba magani
ba ya barin buhuna ya kwana lafiya."
A mutane an ga ta ƙaru a jini,
amma ko gwiwa ta samu labari,
ko kwana ya ƙara armashi,
wannan ba wanda ya isa ya rantse.
Malaminmu ma kafaɗa ya ɗaga.

Kwalbar da Kawu Sidi ya aiko daga Abuja
tana kan kabad, kusa da fitila,
kuɗinta ya kusa buhun masara.
Ba ta ɓalle murfin ba.
Ta ce sai likitanta ya gani ran Talata,
shi da ya san maganin hawan jininta.

Wata yarinya ta wuce da farantin dafaffiyar gyaɗa.
Kaka ta kwance bakin zane, ta sayi gwangwani ɗaya,
ta ɓare uku, ta miƙo min biyu.
"Ci, ki ɗauki sababbin ma'aikata."

Na kai hannu ga ledar dankali, ta buge shi.
Ta naɗe ɗankwali ya zama gammo,
ta aza, ta gyara wuya.

Ina bayanta.
Taku takwas, ta huta.
Taku shida, ta huta.
A kwanar mai shayi ta juyo tana haki,
ta ce, "Ran Talata ki zo da zanen nan na allo.
Ina so in ga fuskarsu."