Tafinta

Shekara goma sha ɗaya ke nan
ina cin abinci da bakin wasu.
Alƙali ya zubo Turanci, in tace shi Hausa,
gari ya sauka, tsaki ya tsaya.
Ba a tambayar rariya ra'ayinta.

Ranar Talata, Kotun Ɗaukaka Ƙara,
bazarar Sakkwato ta shigo ba sallama.
An ɗauke wuta, fanka ta tsaya cak,
alƙalai uku na fifita da takardun ƙara.

Aka shigo da Arzika.
Shekara shida igiya na kwana a mafarkinsa,
ya rame har wuyan ya yi tsawo,
kamar jikin ya fara shiri tun kafin a kira shi.

A benci na biyu, Kulu.
Tun asuba ta baro Kwalkwalawa
da kuɗin komawa ƙulle a bakin mayafi.
Ba ta dube shi ba.
Teburin magatakarda take kallo,
inda silifa ɗaya, shuɗiya, ta ƙafar hagu,
ke kwance cikin leda da lamba a goshinta.
Ni lambar na sani.
Ita ta san zaren buhun da ta ɗinke ta da shi
daren da yaron ya yi kuka a kan sabuwa.

Lauya ya miƙe, gumi na bin farin gashin aro.
Ya ce takardar amsa laifin nan
da Hausa aka faɗe ta, da Turanci aka rubuta,
wanda ya fassara bai sa hannu ba,
bai zo ya dafa Alƙur'ani ba.
Wa ya san abin da ya zube
tsakanin baki da biro?

Sai na ji yawuna ya ƙafe.
Na san wannan ramin, kullum a bakinsa nake tsaye.
"Na gan shi bakin rijiyar lambu."
"Na kai shi bakin rijiyar lambu."
Tazarar bai fi numfashi ɗaya ba,
amma mutum na iya faɗawa ciki da tsawonsa.
Ko Arzika ya gani, ko ya kai,
ban sani ba. Rijiyar ta sani,
ita kuwa ba a yi mata sammaci.

Bayan azahar na tsakiya ya karanta,
shafi ashirin da bakwai, ba ɗaga kai.
Na tace, na tace, abin da ya sauka kaɗan ne:
an jingine hukuncin rataya,
a koma kotun ƙasa, daga farko.

Arzika ya riƙe katako. "An sake ni?"
Na ce, "A'a. An dai sake ta."

Kulu ta taso, ɗan sanda bai hana ba.
"Malam, mi sunka ce?"
Na ce, daga farko.
Ta ce, "Wane hwarko?
Hwarkon dai hantsi na,
na ba Lirwanu naira hamsin shi sawo man gishiri.
In daga nan za su soma,
su ce mai kar shi tahi."

Alƙali ya sauke tabarau: me take cewa?
Na nemi Turancinsa a duk aljihuna.
Na ce, "Ba komai, ranka ya daɗe."
Shekara goma sha ɗaya,
ran nan na fara cin amanar aiki.

Da magariba a Mabera
na tarar da ɗana bakin ƙofa,
kuɗi dunƙule a hannu, an aike shi shago.
Na karɓe. Na ce koma ciki.
Uwarsa ta leƙo, "Lafiya?"
Ban fassara mata ba.
Na tafi da kaina sayen gishirin.