Ma'aunin Nisa

Ni ne Sallau na Farin Dutse.
Shekara arba'in ina bin sawun barewa,
ban taɓa aron idon kowa ba.
Ido ya kai, kafaɗa ta karɓa,
harsashi ya san inda za shi isa.

Bara da kaka, a gefen Zandam,
na hango ta tana tsintar 'ya'yan gawo.
Na ce a raina: taku arba'in.
Na ja kunama.
Turɓaya ta tashi nesa da ƙafarta,
ta waiwayo kamar mai yi mini jaje,
ta tafi abinta, ba gudu, kamar wasa.

Likita a Birnin Kudu ya ce yana ce.
Bawale, ɗan ƙanena, ya ce akwai dabara:
wani ɗan madubi, tafin hannu ya ɓoye shi,
ka leƙa, ka danna, ya faɗa maka nisa.
Na ce, tun yaushe ƙarfe ya san daji?
Ya ce, Baffa, tun ran da idonka ya kasa.

Ran kasuwar Sara na sai da buhun riɗi,
na ƙulle kuɗin a bakin wando,
muka nufi rumfar Ladan mai gwanjo.
Guda uku ya jera mini bisa tabarma,
kowanne da kirarinsa.

Na fari sabo ne fil, cikin kwali,
kuɗinsa kuɗin ɗan maraƙi.
Ladan ya ce har mita dubu yake gani.
Na ce adakata ba ta san mita dubu ba.
Me zan yi da labarin naman da ba zan ci ba?
Mayar da shi kwalinsa.

Na biyu da sauƙi, har na miƙa hannu.
Sai batirinsa, kamar maɓallin riga,
wai sai Kano ake samun irinsa.
In ya mutu mini a tsakiyar dawa
in hau mota in bar barewa tana jira?

Na uku tsoho ne sa'ana,
gefe ya ɓantare, an naɗe da salatef,
yana cin ƙaramin batirin tocila,
irin na teburin Mati a ƙofar masallaci.
Na leƙa, na saita kukar bakin mahauta,
ya ce mita tamanin da biyu.
Na tattare riga na taka da ƙafata,
'yan kasuwa na dariya, ina ƙirga:
ɗari da shida.
Bawale ya buga lissafi a waya,
ya ce, Baffa, bai yi ƙarya ba ko ta kamu.
Na ce, to a yi cinikinsa.

Dubu arba'in. Na ce ashirin.
Albarka. Na miƙe na karkaɗe gwiwa.
Muka tsaya a ashirin da takwas,
ya ɗora mini goro ɗaya a bisa.

Kwana tara ina kwanto ban ga komai ba,
sai na shiga auna abin da na samu.
Daga gawon nan zuwa gonar ƙarshe
mita ɗari uku.
Da ina yaro wuni guda ake yi
kafin a ji carar zakara.
Wannan lissafin ban saye shi don shi ba.

Na goma, da hantsi, ta fito.
Talatin da ɗaya, in ji madubi.
Amma gilashin ya kawo mini ita kusa,
na ga abin da yana ta daɗe tana ɓoye mini:
ciki ya sauka, tana taka ƙasa a hankali.
Na kwantar da adaka a cinya,
na yi ta dannawa ina kallo,
arba'in, hamsin da shida, casa'in,
har lamba ta ɗauke, ciyawa ta rufe.

Zabo ɗaya na kai gida.
Lantana ta ɗaga shi ta fiffike, ta juya,
ta ce, wannan ne buhun riɗin?
Na ce mita goma sha tara ne cif.
Ta ce in auna mata daga nan zuwa rijiya,
tun da na sami aikin yi,
in kuma ɗauki tulun in tabbatar da nisansa.