Injin Da Ba Ya Tari

Shekara talatin da huɗu a Ƙofar Ruwa,
Kunnena ne jarina, ba sifana ba.
In mota ta shigo layinmu tana tari,
Tun ba a ɗaga bonet ba na san inda zan fara.

Wannan fulogi ne, wancan ringi ya cinye,
Waccan kuwa mai aka tsarma mata da ruwa.
Direba ya hau rantsuwa, in ce masa, "Yi shiru,
Bar ta ta faɗa da bakinta, ba ta ƙarya in ta yi ƙara."

Sai ga Barira, 'yar ƙanena Tasi'u,
Wadda nake saya wa alawa a bakin Kurmi,
Ta dawo daga jami'a da jaka a baya
Da 'yar na'ura mai waya biyu, ja da baƙa.
Ta ce, "Baffa, ara mini mataccen Adaidaitan nan
Na bayan shago, da kaji ke kwana ciki tun bara."

Na yi dariya har haƙorin Makka ya fito.
Na ce, "Injinsa ya rasu, mun yi sadakar arba'in."
Ta ce, "Ba injin nake so ba, ƙwarangwal ɗin."
Na ba ta, na koma gindin darbejiya ina jira.

Mako bakwai.
Ta sauke inji, ta cire tanki da salansa,
Gwadabe mai walda ya haɗa akwati ƙarƙashin kujera,
Ta jera batura ciki kamar sandunan sabulu,
Farantin shan rana kuma a kan rufi ta ɗora.

Ba duka ne ya tafi daidai ba. Wata Laraba
Waya ta ɗau zafi, hayaƙi ya turnuƙe,
Yaran shago suka watse har da mai shayi.
Ta zauna a kan taya, ta yi kuka kaɗan,
Ta share ido, baƙin mai ya ɓata mata goshi,
Ta zaro littafi, ta koma lissafi tun daga sifiri, ta gyara.

Ranar gwaji, gab da Magariba, ta ce in hau.
Na zauna a baya ina sauraron a tayar.
Ashe an tayar. Ashe ma tafiya muke.
Ba tari, ba gurnani, ba yaji a ido,
Tayoyi kawai da kwalta suna 'yar hira.

Muka nutsa ƙarƙashin gada, muka ɓullo,
Dala a hagu, Goron Dutse na leƙe daga dama,
Na ji abin da ban taɓa ji cikin keke ba:
Mai rake na ciniki, tattabaru na kaɗa fiffike,
Ladan na gyaran murya kafin ya yi kira.

A danja wani direba ya leƙo da tausayi,
"Mai ne ya ƙare? Ku sauko mu taya ku."
Barira ta murɗa hannu ba ta ce uffan ba,
Muka bar shi baki buɗe yana neman abin da zai tura.

Da dare barci ya ƙi zuwa.
Na tuna kwana biyu da na yi a layin mai da jarka.
Na yi murna, wallahi na yi murna,
Sai dai wani abu ya tsaya mini a maƙogwaro:
Likitan da ke gane cuta ta hanyar tari,
Ina zai kai kunnensa in majinyaci ya daina ƙara?

Da sassafe na riga ta zuwa shago.
Na share benci, na ture sifana gefe.
Da ta iso na miƙa mata na'urar nan mai waya biyu,
Na ce, "An ce gemu ba ya hana ilimi.
Jar ina ake sa ta? Baƙar fa, ina?
Bi da ni sannu, idona sai da tabarau.
Daga yau ni ne yaron shago, Barira."