Mai Gadin Banki

Shekara tara ina tsaron ƙofar nan a Malam Madori,
makulli a wuyana kamar laya.
Ran Talata da hantsi farar mota ta tsaya,
yaro ya sauko, bai girmi ɗana Isuhu ba,
riƙe da takarda mai jan hatimi.

Ya ce, Baba, Nafi'u ne, daga hukuma.
Ya miƙo hannu. Na zaci gaisuwa ce.
Makullin yake nema.

Takardar ba ta kai faifai faɗi ba,
amma ta tashi manaja daga kujera
tun shayinsa bai huce ba.
Ta rushe kwamitin su Alhaji Maikano,
wanda ko tari ya yi sai mun amsa.
Ta ce kowane asusu ya tsaya cik,
ba shiga, ba fita,
ta ce littattafai su buɗe baki.

Suka buɗe.
Ashe gara ta daɗe a rumbu,
yaɓen waje ne kawai lafiya.
Bashin ƙanin wane, bashin surukin wane,
gonar da aka jinginar gabas da gari
aka je awo, aka tarar burtali ne.

Tasalla mai ƙuli ta zo da littafinta ƙulle a leda,
dubu tamanin da huɗu, na injin markaɗe.
Nafi'u ya ce, Inna, inshora ta rufe naki,
kawo katin shaida ran Litinin.
Na Gambo dillalin riɗi ya haura iyaka.
Aka ce ragowar sai an sayar da gini,
da janareta, da babura uku,
sai waɗanda suka ci sun amayar.
Ya zauna a bencina, ya cire hula,
ya daɗe yana duban cikinta.

Jiya da la'asar Alhaji Maikano ya zo.
An ce kada ya taka dandamali.
Na tare ƙofa, gwiwata na rawa.
Ya ce, Jatau, ni ne fa.
Na ce, na sani, ranka ya daɗe.

Ni ma nawa yana ciki, dubu goma sha tara.
Hukuma ta bar ni a bakin aiki.
Da dare nakan haska tocila kan hatimin,
in ga ko an taɓa.
Shekara tara na ba ƙofar nan baya,
idona a titi,
ina jiran ɓarawo daga waje.