Hannun Hagu a Yanbu

Bayan masana'antar da ke raba ruwa da gishiri
akwai wata kwantena mai tsatsa,
an zana mata taga da alli.
In la'asar ta yi sanyi sai Pyo ya zo,
ya ajiye hular ƙarfe, ya ƙirga taku ashirin da biyu,
ya ɗaga ƙafa kamar zalɓe,
ya jefa.

Kwam.

Ni ne mai ɗauko ƙwallon.
Ba ta wuce lemon zaƙi ba,
jan zare ya ɗinke ta kamar ƙeyar da ta sha rotse.

Ya ce yana ɗan sha tara Amurka ta saye shi.
Shekara shida a kujerar bas,
daga ƙaramin gari zuwa wanda ya fi shi ƙanƙanta,
burodi a baki, shinkafar uwarsa a rai.
Babban fili ya kira shi sau ɗaya tak:
kwana goma sha ɗaya.
Da yatsu ya nuna min,
nasa suka ƙare, ya ari ɗaya daga nawa.

Da ya koma Koriya
dubu ashirin suka rera sunansa, kakar farko.
Ta biyu aka ce ya manta rusuna wa manya,
wai warin waje yake.
Ta huɗu kafaɗa ta ce ɗas,
igiya ta tsinke, guga na tsakiyar rijiya.
Yanzu bututu yake aunawa, yana sa hannu a takarda.

Na ce, Pyo, kakana da ƙafa ya taho daga Gumel,
shekara tara yana noma a hanya.
A Jidda aka yanke cibiyata.
Nan Takari nake,
ranar da na je can kuwa, Balarabe suka ce, suna dariya.

Larabcinsa gurgu ne, ban san me ya kama ba.
Sai ya buɗe tafina,
ya ɗora yatsu biyu a kan ɗinkin,
babba a ƙasa,
ya ce kada ka matse, ƙwai ne.

Na jefa.
Ta tsallake kwantena, ta tsallake waya,
wani kyanwa ya ruga.
Pyo ya yi dariya har ya dafe kafaɗar da ta ci amanarsa.

Ladan ya fara kira daga masallacin leburori.
Ya ɗauki hularsa, ya kakkaɓe,
ya faɗi kalma ɗaya da na koya masa:

Gobe.