Gwangwanin Goggo Dudu

Asta ta bugo waya daga Injamena:
"Alewar madarar Goggo nake marmari,
faɗa mini, giram nawa take zubawa?"
Na juya na tambayi Goggo Dudu a bakin murhu,
ta dube ni kamar na ce ta auna mini hayaƙi.

A gidanmu na Domayo, nan cikin Marwa,
gwangwanin tumatir ne alƙali.
Bakinsa ya lotsa tun ban yi haƙori ba,
jan fentinsa ya bi hannaye ya tafi.
Uku na madara, biyu na sukari,
ruwa kuwa sai ido ya ce ya isa.

Na ƙulle madara a leda, na ɗau gwangwani,
na nufi shagon Bappa Sali,
mai sikelin nan da ke ƙifta jajayen lambobi.
Ya ɗora gwangwanin wayam, ya danna, ya koma sifili.
Ya ce, "A cire nauyin gida tukuna,
sannan a san na baƙo."

Na ɗiba sama-sama: casa'in da huɗu.
Na danna da babban yatsa: ɗari da sha takwas.
Na yi masa tozo irin na bijimin Bogo:
ɗari da talatin, har yana zuba.
Gwangwani ɗaya, baki uku!
Wanne zan aika wa Asta?

Bappa Sali ya yi dariya har hularsa ta karkace.
"Gari ba ruwa ba ne, 'yata.
Akwai iska a tsakaninsa,
tana cin wuri, ba ta biyan haya.
Ta buhu daban, ta gwangwani daban,
in damina ta sauka kuma ta dunƙule ta yi nauyin kai.
Mudu yana ganin cika,
sikeli kuwa nauyi kawai ya sani."

Muna cikin haka sai ga Goggo,
mayafi a karkace, toka a gefen zane,
wai gawayinta na ci a banza.
Ta karɓe gwangwanin ba ta ce uffan ba.
Ta nitsa shi cikin madara,
ta ƙwanƙwasa gindinsa sau biyu a kan tebur,
ta shafe bakin da ɗan yatsanta,
wanda tafasasshen sukari ya taɓa ƙonawa.

Ɗari da biyar.

Ta juye, ta sake. Ɗari da biyar.
Bappa Sali ya daina dariya, ya gyara tabarau.
Na uku ya ba da ɗari da shida,
ta tsinci kaɗan da yatsu biyu ta sa a harshe,
ta ce, "Wannan ladan mai awo ne."

Na rubuta a bayan kwalin shayi:
gwangwani ɗaya, ɗari da biyar;
uku, ɗari uku da sha biyar;
in babu sikeli, cokalin cin abinci sha huɗu a shafe,
kada a danna, kada a yi tozo.
Na tura, ina jin kaina kamar akawu.

Kwana biyu sai ga hoto:
alewa ta kama, an yanka ta reras a faranti,
sai dai fara fat, kamar ba ta ga tukunya ba.
Asta ta ce da daɗi, amma da saura.
Goggo ta kawo wayar dab da hancinta,
ta daɗe tana kallo.
"Madara kam ta auna," in ji ta,
"wa ya auna mata wutar?"

Yanzu kwalin shayin yana naɗe cikin gwangwani.
Jiya da dare, bayan kowa ya kwanta,
na nitsa, na ƙwanƙwasa sau biyu, na shafe,
da sikelin da Bappa ya ara mini zuwa Juma'a.
Casa'in da tara.
Na juye, na sake ɗiba.