Ɗigon Fensir

Hutun sati biyu suka ba ni.
Motar Jahun ta sauke ni a bakin kwalta,
sauran tafiyar ta ƙafa ce, ta cikin gonakin riɗi
da aka yanke aka jingine, kawuna sama,
kamar mu a filin fareti kafin kiran assalatu.

Inna Tabawa ta buɗe jakata tun kafin ta ba ni ruwa.
Ta zaro littafin lissafi, ta zaro takalmin sawu-ciki,
ɗaya a dama, ɗaya a hagu, tana auna nauyinsu.
"To kai Nafi'u, wanne ne kai a ciki?
Matan bakin rijiya sun ishe ni.
In na ce ɗalibi, su ce ɗalibi da aski ƙwal?
In na ce soja, su ce soja da jarrabawa?"

Ta ina zan fara mata?
Ƙarfe huɗu ina gudu da kaya a gadon baya,
ƙarfe takwas ina gaban malami,
gwiwoyina na rawa a ƙarƙashin benci,
biro na zamewa daga yatsun da suka kwana cikin taɓo.
Na koyi barci ido buɗe.
Na koyi gama kwano kafin a ƙirga talatin.
Ranar da na rasa maki a darasin taswira
ba rashin sani ba ne:
garinmu na tsaya nema.
Ga Jahun, ga Miga, ga zaren kogi shuɗi,
amma inda aka binne cibiyata fili ne fari fat.
Na ɗiga masa fensir.
Malam ya zagaye ɗigon da ja, ya zare min biyu.

Da la'asar na je gaida Kawu Haladu.
Shekara ashirin da biyu ya yi cikin kaki,
ya fito da igiya uku da kunne ɗaya.
Ya juyo min da mai jin.
"Saura nawa?"
Na ce, "Biyu, in Allah ya yarda."
"Wato nan da shekara biyu in gan ka in ƙame,
ni da na goge maka majina."
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
Da tarin ya lafa, dariyar ba ta dawo ba.

"Hafsoshi tara suka yi ta kaina.
Takwas da lamba suka san mu.
Na taran ya san matata ta haihu,
ya san Isiya ba ya cin wake.
Shi kaɗai muka bi cikin daji ba mu waiwaya ba.
Ka ga ubanka in awaki sun dawo da magariba?
Ka taɓa jin ya ce ɗaya, biyu, uku?
Jar nan, mai ɗingishi, uwar tagwaye.
Wannan ba ya cikin littafinka, na sani."

Kwana goma na yi ina kakkaɓe riɗi.
Baba bai tambaye ni komai ba,
sai dai ya lura ina amsa kira da ƙarfi,
ya ce, "Sassauta, nan ba kurma sai kawunka."

Daren komawa na ji motsi wajen jakata.
Sai a tasha na duba:
kantu ne, ƙulle cikin tsohon ɗankwali,
an cusa shi tsakanin littafin da takalmin.
Da asuba, tana ɗaura min addu'a a zaure, ta ce,
"Na ba su amsa jiya.
Na ce musu tukunya tana kan wuta,
kowa ta riƙe ƙoƙonta."

Taswirar tana aljihuna.
Ban goge ɗigon ba.